Koren Layi a Ɗakin Sanyi

A unguwar Abattoir, idan baƙo ya tambayi gidan Malam Datti mai yanka, ba a wahalar da kai wajen kwatance. Cewa ake yi ya miƙe har ya ga farin bijimi ɗaure a gindin mangwaro, to nan ne. Bijimin nan ya fi wasu mutanen unguwar jin daɗin duniya: dusa da kanwa da safe, harawa da yamma, ga wanka duk ranar Juma'a. Malam Datti yana kiwonsa ne don bikin autarsa Suwaiba, wanda aka sa bayan babbar salla, kuma duk wanda ya taya sai ya ce masa ya yi gaba, ba na sayarwa ba ne. Ita kuwa Suwaiba takan ce da Baba yana kula da ita rabin yadda yake kula da dabbar nan, da ita ma ta yi tozo.

Haƙar kuza ce ta kawo kakanta Jos daga ƙasar Kano. Da ramuka suka mutu ya kama wuƙa, da ƙarfinsa ya ƙare ya miƙa wa ɗansa. Datti bai tara abin duniya ba, har yau gidan ƙasa ne da aka shafe da siminti, amma yana da abin da ba a saye a kasuwa. Akwai matan da in sun aiki sayen nama sai sun ja kunne cewa in ba yankan Datti ba ne a dawo musu da kwanonsu. Bai taɓa yanka dabbar da yake shakkarta ba, bai taɓa cewa ya yanka abin da bai yanka ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, har 'ya'yansa sukan gaji da shirunsa.

Suwaiba ba ta gaji wuƙa ba, sukurdireba ta gada, kuma ba a san daga wa ba. Tun tana ƙarama ba a ajiye abu mai murfi kusa da ita. Ta buɗe rediyon Baba, ta buɗe tocilan, ta buɗe agogon bangon da aka kawo wa mahaifiyarta daga Makka, ta sha duka, washegari ta buɗe wani. Da ta gama sakandare sai ta kama aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a unguwar Congo-Russia, daga nan ta lallaɓa ta yi difloma. A can ta haɗu da Linux. Aka ce mata wannan manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, sai dai ita ba ta kowa ba ce, kyauta ce, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta. To, ga wadda aka daka saboda buɗe agogo, ai an gama da ita. Tun daga ranar ta zama mai wa'azin Linux, har angon da za ta aura ya roƙe ta ta riƙa barin zancen a gida in ya zo hira.

Aikin da ta samu bai yi nisa da gida ba. Alhaji Tiamiyu, Bayaraben da aka haifa a garin nan, yana da kamfanin nama da babban ɗakin sanyi a bayan mayanka. Yana sayen nama, a yayyanka, a ɗaure a leda, a zuba cikin akwatunan roba a rufe, sannan a sayar wa otal-otal da makarantu da masu biki. Yana saye a hannun mahauta Musulmi, waɗanda Malam Datti ke yi wa yanka, yana kuma saye a hannun Kiristocin da ke yanka nasu. Kowane akwati lamba kawai ke jikinsa. Sauran bayani, wato saniya ce ko akuya, nauyinta, ranar da ta shigo, yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a ofis, a gaban Madam Ugochi, wadda ta riga kowa daɗewa a wurin in ka cire Alhaji.

Kwamfutar nan ta tsufa tsufan da ya wuce tausayi. Tsohon Windows ne a kanta da aka daɗe da daina kula da shi, manhajar lissafin kayan kuma wani mutum ne ya rubuta ta tun da daɗewa, ya koma Legas, lambarsa ta daina shiga. Faifan da ke cikinta, inda komai ke ajiye, ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali. Suwaiba ta yi wata da watanni tana bin Alhaji da magana, ta ce wata rana injin nan zai kwanta da komai a cikinsa, a bar ta ta sa sabon faifai, ta ɗora Linux da manhajar lissafi ta kyauta, ta kwashe bayanan ta mayar can. Alhaji ya gaji ya ce ta yi, ya tafi Ogbomosho jana'izar ɗan'uwansa, ya bar wa ɗan ƙaninsa Timilehin riƙon kamfani.

A gaskiya ba za a ce Suwaiba ta yi sakaci ba. Ranar Alhamis da aka tashi aiki da wuri ta zauna ta fitar da bayanan kaf, ta adana a filas, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, ta ƙara adanawa a wani. Ta gwada layukan tsohuwa da na sabuwa, babu wanda ya ɓace, nauyi ya yi daidai da nauyi. Abu ɗaya ne bai biyo ba. A tsohuwar manhajar wasu layukan kore ne, wasu rawaya, a sabuwar kuwa duk fari fat. Ta gani, ba wai ba ta gani ba. Ta taɓa tambayar Madam Ugochi kalar ta mece ce, a gaban wani mai saye, Madam ta ce, “Na my own, bar shi kawai,” ta ci gaba da aikinta. Mace ce da farcenta kala uku ne, jakarta kala huɗu, don haka Suwaiba ta ɗauka kwalliya ce. Ta cire tsohon faifan, wanda ya sha wuya wajen kwafin har ya yi zafi, ta sa a aljihun tebur, ta tafi gida tana jin kanta a sama.

Juma'a da safe ta riga kowa zuwa don ta ga fuskar Madam. Ta kuwa gani. Madam Ugochi ta ajiye jaka, ta gyara tabarau, ta dubi allon, ta ja shi sama, ta ja shi ƙasa. Sai ta juyo a hankali.

“Suwaiba, ina kala na?”

“Madam, sabuwar ba ta fenti. Amma komai na nan, duba ki gani, ko kilo ɗaya bai…”

“Ina kore? Ina yelo?” Ta tashi ta tura ƙofar ofis ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba. “Yarinya, kai ya kashe mu. Kore na yankan baban ka. Yelo na namu. Na only dat colour dey tell us.”

Suwaiba ta nemi kujera ta zauna.

Wanda bai zauna a Jos ba zai ce wannan wauta ce, me ya hana a rubuta da baƙi? Wanda ya zauna kuwa ba zai tambaya ba. A shekarun rikici an taɓa shigowa kamfanin da sanduna ana tambayar naman su wane ne a ciki, kuma a hannun su wa Alhaji ke saye. Ya sha da ƙyar. Da ƙura ta lafa ya rantse ba za a ƙara rubuta sunan mahauci ko addinin kowa a takardarsa ko kwamfutarsa ko jikin akwatinsa ba. Madam Ugochi ce ta samo dabarar fenti. Duk akwatin da ya shigo sai ta shafa wa layinsa kala da hannunta, in Musulmi ya zo saye ta kira lambobin kore a ɗauko masa. Shekara da shekaru ba a taɓa kuskure ba, ba a kuma taɓa faɗin abin da baki ba. Malam Datti kansa abin da ya sani shi ne Madam ta san nasu. Irin wannan shirun ne ya zaunar da mutane lafiya a garin nan, shi ne kuma yau ya kai Suwaiba ya baro.

“Madam, ba za ki iya tunawa ba? Ko na jiya da shekaranjiya?”

“Ɗaki ya cika maƙil, kullum dukansu suna kawo. Ni ba kwamfuta ba ne.” Ta share ido da gefen gyale. “Kuma Hajiya Salma zai aiko mota yau.”

Hajiya Salma ita ce shugabar Islamiyyar Congo-Russia, inda Suwaiba ta yi karatu tana yarinya. Gobe Asabar ɗalibanta ke walimar saukar Alƙur'ani, yau bayan la'asar mata za su ɗora tukwane, kuma naman saniya mai yawa ta yi oda tun makon jiya. Ba don arha take saye a nan ba, don Datti take saye.

Timilehin ya iso yana kaɗa makullin mota. Saurayi ne mai tsafta, ba mugu ba, sai dai wannan ne karo na farko da aka bar masa kamfani, kuma ya fi tsoron kiran wayar Alhaji fiye da komai a duniya. Ya saurara har suka gama, ya zauna a bakin tebur. Daga nan ya tambayi wa da wa suka sani.

“Mu uku ne, Oga,” in ji Suwaiba.

“To mu uku ne za mu sani. Injiniya, zaɓi lambobi ki ba Madam, a loda wa Hajiya. Saniya dai saniya ce. Ba alade ba ne, ba mushe ba ne. Ni ma na yi Islamiyya, akwai malaman da suka ce yankan Kirista ya halatta.”

“Ba fatawa Hajiya ta saya ba, Oga. Tambaya ɗaya take yi kullum.”

“To ki amsa mata! Wa zai gane? Babanki ma ba zai gane ba.” Ya rage murya. “Kin san abin da zai faru in maganar nan ta fita? Kafin magariba an ce Bayarabe da Inyamura sun haɗa baki suna ciyar da 'yan Islamiyya abin da ba su sani ba. Kin san garin nan. Ba aikinki kawai za ki rasa ba.”

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Madam Ugochi ta sunkuyar da kai tana murza yatsu, kuma Suwaiba ta san irin unguwannin da Madam ke ratsawa kafin ta isa gida.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Hajiya Salma ce. Suwaiba ta dubi wayar har ta kusa tsinkewa kafin ta ɗauka.

“Suwaiba 'yar albarka, kin tashi lafiya? Ya Malam? Motar za ta zo bayan la'asar in sha Allahu. Yankan Malam ne dai ko?”

Timilehin ya zuba mata ido.

“Hajiya, ana kan shiryawa. Zan kira ki.”

Ta kashe wayar tana jin kunyar kanta, don ta san amsar da ta bayar ƙanwar ƙarya ce.

Saura hanya ɗaya, tsohon faifan. Ta ciro shi daga aljihun tebur, ta buɗe kwamfutar, ta mayar da shi mazauninsa, ta kunna. Ƙas, ƙas, ƙas, sai baƙin allo. Ta kashe ta sake. Haka. Ta canza waya, ta hura, ta yi bisimilla, ta sake. Faifan da ya yi shekaru yana jan rai ya zaɓi yau ya cika.

Akwai wata dabara da ta taɓa ji a bakin masu gyara a Congo-Russia, wadda malamanta na difloma suka ce camfi ne: in faifai ya ƙi tashi a sa shi a firiza ya yi sanyi ƙarara, wani lokaci yakan farfaɗo na ɗan lokaci, wani lokaci kuma raɓa ta ƙarasa shi. Da ranar lafiya ce da ita ce ta farko da za ta yi wa mai wannan shawara dariya. Ta naɗe faifan a ledar nama, ta ƙara wata, ta matse iska, ta shiga ɗakin sanyi. Akwatuna ne jere har rufi, farare, iri ɗaya, kowanne da lambarsa, babu wanda ya ce mata komai. Ta cusa faifan a lungun da ya fi sanyi ta fito haƙoranta na haɗuwa.

Jiran ne ya fi komai wuya. Masu saye na zuwa, Madam na sallamar na otal-otal, waɗanda ba ruwansu da kala, Musulmi kuwa tana ce musu injin na gyara, su dawo gobe. Wani ya yi tsaki ya ce dama ya ji an sa yarinya ta taɓa kwamfutar. Timilehin na shiga yana fita yana duban agogo. Lasifikar masallatai ta fara kiran mutane, titi ya cika da masu fararen kaya da dardumai a kafaɗa, ita kuwa tana zaune ta haɗa kai da gwiwa.

Da aka shiga huɗuba ta ɗauko shi. Sanyinsa har yana cizon hannu. Ta haɗa da sauri kafin ya yi gumi, ta miƙa wa Madam wayarta ta ce duk abin da ya fito a allo ta ɗauki hotonsa, kada ta tsaya karantawa. Ta danna.

Shiru. Sai wani ɗan zuuu. Sai tambarin Windows ya bayyana, wanda Suwaiba ta yi shekaru tana zagi, yau kuwa ta ji kamar ta rungume shi. Madam ta ce, “Jesus!” Suwaiba ta ce, “Alhamdu lillahi,” a tare. Manhajar ta buɗe da nawarta ta kullum, ga kore, ga rawaya. Awaki ne a sama, don haka aka tsara ta, sai tumaki, shanu na can ƙasa. Tana ja, Madam na ɗauka, tana ja, Madam na ɗauka. Awaki suka wuce. Tumaki suka wuce. Layukan shanu na farko suka leƙo, kore ɗaya, rawaya biyu, sai allon ya daskare. Ƙas. Ƙas. Wani siririn ƙara ya biyo baya kamar an ja ƙusa a kan kwano, daga nan ba a ƙara jin komai ba.

Ta sake gwadawa, amma ta riga ta sani. Awaki da tumaki sun tsira. Shanun da Hajiya ke jira kuwa, akwati ɗaya tak aka tabbatar, ba zai kai ko'ina ba.

Timilehin ya ce, a hankali wannan karon, “Kin yi iya yinki. An sauko daga masallaci, yankan yau ya ƙare tun hantsi, ko kin zaga mayanka ba za ki sami rabin abin da take so ba. Zaɓi lambobin, Suwaiba. Allah Ya ga zuciyarki.”

Ta dubi fararen layukan. Da gaske babu mai ganewa. Yara za su ci, a yi addu'a, a watse, Hajiya ta aiko wa Malam Datti da godiya, shi kuma ya amsa da amin bai san an sa shi ƙarya ba. Wannan ne ta kasa haɗiyewa. Ta ɗauki mayafinta.

“Ina za ki?”

“Wurin mai sunan da za a yi rantsuwa da shi.”

Ta same shi a gindin mangwaro, bai ko cire babbar rigar Juma'a ba, yana sosa wa bijimin wuya. Ta durƙusa. Ta shirya maganganu a hanya, duk suka gudu, ta faɗa masa yadda abin yake tiryan-tiryan, tana kuka kamar ranar agogon Makka. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, “Tashi mu je, Auta.”

A hanya wani fata ya ɗarsu a ranta. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin nama, ƙila ya duba ya gane nasa. Madam ma da ta gan shi ta miƙe tana cewa Baba zai sani. Aka buɗe masa ɗakin sanyi, aka sauke akwati, aka kwance leda. Ya ɗaga tsoka ya juya ta, ya ajiye. Aka buɗe wani. Ya daɗe yana kallo.

“Yanka a wuya yake,” ya ce. “Wuyan kuma ba ya nan. Ban sani ba.”

“Baba, ko kusa-kusa?” in ji Timilehin. “In ka ce wannan ne, ai shi ke nan, ba mai musa maka.”

“Shi ya sa ba zan ce ba.” Ya goge hannu. “Duk wanda ba a tabbatar ba a sayar wa masu otal. Nama ne mai kyau, ba abin da ya same shi.”

“Hajiya fa? In ta ji dalili, Baba, ka san abin da zai biyo baya.”

Malam Datti ya dubi Suwaiba, kallon da ba faɗa a cikinsa, da ma faɗan ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ya ce ta kira Hajiya ta ce motar ta ɗan jinkirta zuwa gab da magariba, naman yau ne za a ba ta, sabo. Sannan ya fita.

Sai da ya kai ƙofa ta gane bijimin zai yanka. Ta bi shi da gudu.

“Baba, a'a. Don Allah, Baba. Ni na yi ɓarnar, a cire a albashina, a nemo wani…”

“A ina, da yammar Juma'a?” Bai tsaya ba. “Ta tambaye ki yankan wa ne. Ki bari in ta sake tambaya ki sami abin faɗa.”

Ba ta je mayanka ba, ba za ta iya ba. Daga tagar ofis ta hango an wuce da bijimin, fari tas saboda wankan safe, yana tafe yana kaɗa tozo ba gardama, don ya saba duk inda Malam ya ja shi alheri ne. Maƙwabta suka fito suna tambaya ko an matso da bikin ne. Malam ya ce musu a'a.

Kafin rana ta faɗi aka shigo da naman da ɗuminsa. Dole a shigar da shi kwamfuta kafin ya fita, haka dokar kamfani take. Suwaiba ta zauna gaban sabuwar manhajarta, idanunta sun kumbura. Manhajar ta yi aiki lafiya lau, ba ƙas ba ƙus, abin da ya ƙara mata takaici. Madam Ugochi ta tsaya a kanta ta tambaya da wace kala za a shafa, tunda wannan ba ta fenti.

Suwaiba ta buɗe cikin manhajar, irin buɗewar da ta yi shekaru tana yabo, ta ƙara gurbi ɗaya a gefen nauyi, ta sa masa suna: wanda ya yanka.

“Kai, kai,” in ji Timilehin. “Alhaji ya hana. Ba suna, ba addini. Kin san dalili.”

Malam Datti na tsaye a bakin ƙofa, hannun rigarsa a naɗe, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

“Ban ce a rubuta na kowa ba,” ya ce. “Wanda ba ya so a bar masa nasa fari. Nawa dai a rubuta. In Alhaji ya dawo ni zan gaya masa.”

“Baba, in wani abu ya sake tashi a garin nan, sunanka ne kaɗai a ciki.”

“Mai nemana ai ya san gidan. Rubuta, Auta.”

Ta rubuta Datti a layin farko, ta rubuta a na biyu. Wayarta ta yi ƙara. Hajiya Salma ce, ta ce ga direba nan a ƙofa, yankan Malam ne dai ko?

“Nasa ne, Hajiya,” in ji Suwaiba.

Alhaji Tiamiyu ya dawo ya yi faɗan da zai yi, ya biya Malam kuɗin nama a farashin kilo, wanda duk mai kiwo ya san ba shi ne kuɗin bijimi ba. Bai kori Suwaiba ba, bai kuma goge gurbin ba. Har yanzu tana wurin, kwamfutocin kamfanin duka sun koma Linux, sai dai ta rage wa'azi, kuma in za ta taɓa injin wani takan zauna da mai shi ta tambaye shi kowane ɗigo da kowace kala, ta rufe ƙofa in ta kama. An yi bikinta bayan babbar salla da tumaki biyu, mutane suka ci suka ce ya yi albarka.

Turken yana nan a gindin mangwaro, Malam bai tuge shi ba, bai kuma ɗaura wani ba. In ta zo gida takan tarar da shi zaune kusa da wurin bayan la'asar, lokacin da ya saba zuba harawa, hannunsa a kan gwiwa. Bai taɓa tayar mata da zancen ba ko sau ɗaya. Takan gaishe shi ta shige ciki da sauri, ta gefen da ba za ta ga igiyar ba.